Shekarar da Aka Maido Ƙotoci

Yanzu in mutum yana son fatsa, sai ya shiga kasuwar Kalgo ya nuna wadda ta yi masa kyau a ido, a miƙo masa ita cikin leda. Tasa da ta maƙwabcinsa duk ɗaya ne, in sun haɗu a bakin ruwa sai an duba ƙullin zare kafin a san ta wane. Da ba haka abin yake ba. Sandar fatsa kowa na iya saro ta a fadama, amma ƙotarta, wato inda hannu ke kamawa, sai an je wa mai yin ta, kuma a iyakar sanina daga Kalgo har Diggi gida ɗaya ke yin ta, gidanmu. Mahaifinmu ya yi, ya bar wa Yaya Ummaru. Ni ban gada ba. Tun ina ƙarami aka kai ni Gwandu wurin dangin Inna, na tashi cikin shanu, daga nan na bi motar goro na shiga duniya. Na zauna Yamai, na zauna Kumasi, na yi Garwa da Kwatano, na sauka har bakin Nilu a hanyar Makka. Na koyi Zabarmanci da Faransanci da ɗan Larabcin kasuwa a kan Fulatancin da na sha a nono, amma ban taɓa iya fere ko cokali ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne maganar da Nasiru, autan Yaya, ya yi mini bayan an watse daga zaman makokin mahaifinsa. Yana dariya ya faɗe ta, amma na san ba wasa ba ce.

"Baffa, ai kai ka kashe mana sana'ar gida da kayan ledarka."

Na san haka kuka taso kuna ji, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya. An ce muku wuta ta ƙone masa hannu, sannan ni na kawo fatsar kanti na rufe masa kasuwa. Waɗanda suka san gaskiya wasu sun mutu, wasu kunya ta hana su. Ni kuma Yaya ya sa na yi masa alkawari ba zan buɗe baki ba yana da rai. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, kuma na tambayi matarsa Dije, uwarku, ta ce in faɗa.

Sai kun san yadda ake yin ƙotar sannan za ku gane sauran. Icen giyayya ake sarowa bayan kaka, a binne shi cikin lakar fadama ya daɗe, a ciro a aje a inuwa ya bushe a hankali don kada ya tsage. In mai ƙota ya zo, ba a tambayarsa irin wadda yake so. Yaya zai kwaɓa yumɓu ya mulmula shi kamar tsawon taƙi, ya ɗora wa mutum a tafin hannu, ya ce ya kama kamar kifi ya ja. Sannan shi Yaya ya ɗora nasa hannun a kan na mutumin, ya rufe shi ruf, ya matsa, yana sauraron inda yatsu ke da ƙarfi da inda suke da rauni. Wannan shi ne awo. Da wannan yumɓun a gabansa zai fere icen da gizago da wuƙa, ya goge da ganyen baure mai kaushi, ya huda cikinsa da ƙarfen da aka sa a wuta don sandar ta shiga, ya liƙe da ƙaro, ya naɗe wuyan da kaba, ya sa zoben ƙahon saniya a gindi, ya shafe da man kaɗe. Ƙahon daga Gwandu yake zuwa, kawunnanmu ke aiko masa. Na ga masunta a ƙasashe da yawa. Na ga Turawa a bakin teku a Kwatano da sanduna masu mariƙi mai taushi irin na toshiyar kwalba, na ga na bakin Nilu suna naɗa tsumma kawai su kama. Ban ga inda mai sana'a ke riƙe hannun mutum kafin ya yi masa aiki ba sai a zaurenmu.

Akwai kuma wata al'ada. Ƙota ba ta shiga gado, tunda ba za ta zauna a hannun wani ba. In mai ita ya rasu, magada kan raba koma da taru da jirgi, amma ƙotar sai a maido ta gidanmu. Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya yi wa mamacin addu'a, ya rataye ta a azarar zaure tare da na sauran. Muna yara in mun ɗaga kai mukan ga hannuwan mutanen da ba mu taɓa gani ba. Ba a maido ƙota sai da gawa. Ku riƙe wannan.

A shekarar da nake magana, na dawo daga Kwatano bayan an gama girbi, na sauka Gwandu na gai da Inna, kashegari na wuce Kalgo. Da hantsi na isa. Na tarar da Yaya a zaure, kaskon gawayi a gefensa, ƙarfen huda a cikin wuta. Muka gaisa, ya fara tsokanata kamar kullum, wai na yi ƙiba irin ta masu cin kifin da ba su san wanda ya kama ba. Yana magana yana kallona, ya miƙa hannu gefe ya ɗauko ƙarfen. Ƙarfen nan yana da tsumma a gindi inda ake kamawa, amma ya zame cikin kasko, sai hannunsa ya sauka can gaba. Ni ban lura ba. Abin da na fara ji wari ne, har na waiga ƙofa ina zaton wani na babbakar kan akuya a maƙwabta. Da na juyo sai na ga hayaƙi siriri yana fitowa daga tsakanin yatsunsa. Shi kuwa yana ci gaba da ba ni labarin wani rago da ya faɗa ruwa, har yana dariya.

Na buge ƙarfen daga hannunsa. Ban taɓa ɗaga wa Yaya hannu ba sai ran nan. Ya dube ni da mamaki, sannan ya buɗe tafinsa ya duba, kamar yadda mutum ke duban kayan wani da aka bar masa ajiya. Fata ta yi fari ta naɗe. 

Ana cikin haka Dije ta shigo da ƙwaryar fura. Tsakanina da ita wasa ne, ba ta taɓa ganina ba ta ce mini Na-Kumasi ba, ta tambaye ni ina matar da na ɓoye a can. Ran nan ta dubi hannun, ta aje ƙwaryar, ta koma ciki. Ina jiran in ji salati ko kuka. Sai ga ta ta dawo da man kaɗe da tsummoki, an riga an yayyaga su daidai faɗin hannu, an naɗe su a jere cikin faifai. Wannan faifan ya fi hayaƙin girgiza ni. Mace ba ta yaga tsumma ta aje don abin da bai taɓa faruwa ba.

Na ce mata, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tambayi yayanka."

Yaya ya ce, "Sanyin ruwa ne. Duk wanda ya daɗe yana taɓa laka hakanan shika yi."

Dije tana ɗaure hannun ba ta ɗago ba ta ce, "Sanyin ruwa shi ka sa tabo hwari-hwari ga baya? Tun bara waccan nika ganinsu. Na soka mai tsinke yana cin tuwo, bai waigo ba."

Na san abin da nake ji. Kuturta ce, tun tana farkonta. Zan rubuta sunan sau ɗaya a nan don kada wani ya sake ce muku wuta ce. Na san ta ne domin a Garwa na zauna da wani direba da ta kama, aka ba shi ƙwayoyi ya sha na wani lokaci, ta tsaya cak, ya ci gaba da tuƙinsa, muna cin abinci kwano ɗaya. Na gaya wa Yaya haka. Na ce yanzu ba zamanin da ba ne da ake kai mutum bayan gari, magani ne ake sha, kuma in an bar ta yatsun za su tafi ɗaya bayan ɗaya.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Direbanka sitiyari shika kamawa, Audu. Ni hannun mutane nika kamawa."

Gaskiya ya faɗa. Na zaga duniya na san maganin, shi yana zaune wuri ɗaya ya san mutanensa. Ya ce in bar shi ya yi aikinsa iyakar abin da Allah Ya rage masa, ai idonsa na gani, kuma hannun hagu bai gama mutuwa ba. Na ce ba zan koma hanya ba sai ya bi ni asibiti. Na sauke jakata a zaure na zauna. Kwanaki muka yi a haka, yana fere ina kallo, ba mai ce wa wani komai sai gaisuwa da salla.

Ba ni na karya shi ba, Dije ce, kuma da kai ta karya shi, Nasiru. Kana goye a lokacin. Wata safiya ta fito da kai ta miƙa masa ta ce ya taɓa ya ji ko jikinka da zafi. Ya ɗora tafinsa a goshinka ya ce lafiyarka lau. Sai ta ɗaga ka ta manna goshinka a kumatunsa. Zazzaɓi ne a jikinka kamar garwashi. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya daɗe riƙe da kai a haka, sannan ya miƙa ka gare ta, ya ce a ɗauko masa hularsa.

Na zaɓi asibiti mai nisa da gangan, inda nake zaton ba wanda zai san mu. Ma'aikacin ya sa ya rufe ido, yana taɓa shi da auduga wuri-wuri yana cewa ya nuna inda ya ji. A hannun dama bai nuna ko'ina ba. Mutumin ya yi mana bayani a natse: maganin kyauta ne, da ya fara sha ba da daɗewa ba ba zai iya sa wa kowa ba, abin da ya rage a hannun za a tsare shi, amma abin da ya riga ya mutu ba zai dawo ba. Muka fito da ƙwayoyi, zuciyata ta yi sanyi. Sai dai a wannan asibitin masu irin wannan ciwo bencinsu daban ne, can gefe ƙarƙashin wata bishiya. Muna zaune a kai wani dillalin busasshen kifi daga Diggi ya zo wucewa, ya kawo matarsa awo. Ya tsaya ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da yara da ruwa. Hannuwansa duka biyu suna bayansa har ya tafi.

Ranar kasuwar Kalgo da ta biyo baya muna zaune a zaure, sai ga ƙanen wani masunci da ake kira Bawa ya yi sallama, riƙe da abu a naɗe cikin ganye. Ya buɗe, ƙota ce. Yaya ya miƙe tsaye yana salati.

"Yaushe Bawa ya rasu? Shekaranjiya na gan shi bakin gulbi."

Mutumin ya dubi ƙasa ya ce, "Bawa na nan lahiya lau. Cewa ya yi a kawo."

Yaya ya miƙa hannu biyu don ya karɓa kamar yadda aka saba. Mutumin ya sunkuya ya aje ta a ƙasa, ya ja da baya. Har yau in na rufe ido ina ganin hannuwan nan biyu a miƙe ba kowa a gabansu.

Daga nan suka yi ta zuwa. Wasu ba su ko yi sallama ba, sai dai mu ji ƙarar ice a bakin ƙofa. Wani ya kawo tasa a rataye da igiya don kada ya taɓa, ƙotar da ya shekara goma yana riƙewa da gumin hannunsa. Na fita ina yi musu bayani, na yi da Hausa, na yi wa Zabarmawan cikinsu da Zabarmanci, na rantse musu cewa ice ba ya ɗaukar ciwo, kuma mutumin nan yana shan magani. Suna gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne Alhaji, suna ajewa suna wucewa. Kafin la'asar ƙofar zaurenmu ta zama kamar inda aka sauke itacen girki. Labbo, abokin Yaya tun na ƙuruciya, shi kaɗai ya shigo ciki ya zauna.

Ya ce, "Ummaru, wallahi ba ni ba ne. Masu sayen kihi sunka ce ba su taɓa abin da anka kama da ƙotarka. Ɗiya gare ni."

Yaya ya ce, "Na sani. Aje nan."

Da kowa ya watse, ya kwaso ƙotocin da kansa, ya hau turmi, ya rataye su ɗaya bayan ɗaya a azara tare da na matattu. Na ce masa ya bari, waɗannan masu su suna da rai, za su dawo in hankalinsu ya kwanta. Ya sauko ya dube ni.

"In ƙota ta dawo, lalle akwai gawa. Tunda su suna da rai, to ni ne. Ga maganinka nan ya hwara aiki."

Ya shiga cikin gida, bai ƙara fitowa zaure ba. Ya sa aka ware masa kwano da buta, ba wanda ya ce ya yi. Maganin ya sa fatarsa ta yi duhu, ya daina zuwa masallacin unguwa. Ni kuwa ya daina yi mini magana gaba ɗaya, ko na gaishe shi sai dai ya ɗaga kai. Ƙwayoyin dai yana sha, don Dije kan tsaya a kansa har ya haɗiye. Haka muka ci rani.

Da abin ya ishe ni na tafi Gwandu na gaya wa Inna. Ku da ba ku san ta ba, Bafulatana ce ta ainihi, kuma Yaya ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in za ta yi maganarsa sai ta ce wancan na Kalgo. Tun yana jinjiri kakarsa ta ɗauke shi. Na same ta tana kaɗa nono, na faɗa mata komai da Fulatanci, tun daga ƙarfen har ƙotocin. Ba ta daina kaɗawa ba. Da na gama, abin da kawai ta tambaya shi ne wace rana kasuwar Kalgo ke ci.

Ranar kasuwa na kawo ta a mota. Ta ƙi shiga cikin gida. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure, daidai inda aka zube ƙotocin, inda duk mai zuwa kasuwa sai ya gan ta. Ta ɗora sandarta a cinya ta ce wa Dije, "Gaya ma mai gidan nan wata tsohuwa na son a yi ma sandarta ƙota. Tana ci mata hannu."

An daɗe kafin ya fito. Ya durƙusa nesa da ita ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Ya kwaɓa yumɓu, ya mulmula, ya ɗora mata a tafi. Mutane sun fara tsayawa a hanya, har da masu kifi a ka. Sai na ga ya jawo tsumma yana naɗe hannunsa.

Inna ta ce, "Ubanka da tsumma shika awo?"

Ya tsaya. Ya warware tsumman. Ya ɗora hannunsa a kan nata kamar mai tsoron kada ya fasa ƙwai.

Ta ce, "Ummaru, matsa da kyau."

Dije ta toshe bakinta da gyale. Ni kaina ban taɓa zaton sunan nan na iya fitowa daga wannan bakin ba. Ya matsa. Suka daɗe a haka. Sannan ta zare hannunta, ta goge a zane, ta ce in mai da ita Gwandu kafin shanu su dawo.

Da na dawo da yamma na same shi a zaure, yumɓun na gabansa, yana juya shi yana duban wuraren yatsunta. Na zauna ban yi tsammanin zai kula ni ba. Can sai ya yi magana, ita ce ta farko da ya yi mini tun ranar ƙotocin.

"Audu, kai ka riƙa ta ta shiga mota. Hannunta da ɗumi shike ko da sanyi?"

Na ce da ɗumi, da kaushi kuma, irin na masu tatsa. Ya gyaɗa kai, ya jawo gizago.

Kada ku zaci daga nan mutane suka dawo. Ba su dawo ba. Sun yi ta ba da labarin abin da tsohuwa ta yi, suna yaba mata, amma ba wanda ya kawo hannunsa. Shi ma Yaya ya gaya mini ko sun kawo ba zai karɓa ba, don ƙotar Inna da ido ya yi ta, kuma awon ido ba awo ba ne. Gida kuwa sai an ci. Shi ya sa da na koma Kwatano na turo masa ƙugiyoyi da zaren roba da sandunan fatsa na kanti, ya kafa tebur a bakin zaure. Mutanen da suka maido ƙotocinsu su ne suka fara saye, tunda kowane abu a rufe yake cikin ledarsa. Yakan yi dariya ya ce leda ta fi shi tsarki a garin nan. Bayan shekaru, da aka ga ya gama magani yana nan da hannuwansa, aka koma yin musabaha da shi, Labbo ya zo ya roƙi a sauko masa da tasa, wai ta kanti tana sa masa kanta a tafin hannu. Yaya ya ba shi fura, suka yi hira har azahar, amma ya ce abin da aka rataye ba a sauke shi.

Wannan shi ne abin da ya faru, Nasiru. Kayan leda ba su kashe sana'ar ba, bayan ta mutu suka zo. Ni na kai mahaifinka asibiti, kuma da za a mai da ni wannan shekara zan sake kai shi. Ya rayu har ya tsufa, yana alwala da kansa, ya ɗauki 'ya'yanku, ya rasu da yatsunsa, in ban da kan ɗaya da ƙarfen nan ya ci. Abin da aka biya a kan haka shi ne wanda kuke gani a azara in kun ɗaga kai. Ta can ƙarshe kusa da ƙofa, ƙarama mai zoben baƙin ƙaho, ita ce ta Inna. Ni na maido ta da hannuna ranar da muka binne ta a Gwandu, ya karɓa da hannu biyu ya yi addu'a. Ita ce ta ƙarshe da ya fere, kuma tun daga ranar kasuwar nan ba a ƙara auna hannun kowa ba a gidanmu.